Abin Da Ya Sa Zazzaɓin Sauro Ya Ke Komowa Kowace Damina

Sanin kowa ne wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ya rabu da ita ke nan. A tsibiran Faro da ke arewacin Turai, sa'ad da ƙyanda ta ɓarke cikin 1846, ba ta taɓa tsofaffin da suka yi ta tun 1781 ba. Amma zazzaɓin sauro, watau maleriya, yaro ya kan yi shi bana, ya sake yi baɗi. To, ina dalili?

A cikin fararen ƙwayoyin jininmu akwai waɗanda likitoci ke kira ƙwayoyin B. Su ne maƙeran makaman da ke kama ƙwayar cuta. In an ƙare yaƙi, waɗansunsu su kan saura shekara da shekaru riƙe da kamannin abokin gaba, kamar yadda akawu ya ke ajiye rajista. Ran da ya komo, sai su gane shi nan da nan.

Ƙwayar maleriya kuwa makira ce. Tana da riguna wajen 60 da ta ke sauyawa bisa jajayen ƙwayoyin jinin da ta shiga, har wanda aka rubuta jiya ya zo yau da wata kama. Cikin 2010 masu bincike a ƙauyen Kambila na ƙasar Mali suka nuna makaman jinin yara su kan yawaita da damina, amma kafin watanni shida na rani su wuce yawancinsu sun ɓace. Ƙwayoyin masu ajiye rajista kuwa kaɗan kaɗan su ke ƙaruwa kowace shekara. Tun 2009 aka gano a can cewa yawan kamuwa ya kan haifar da wani irinsu dabam. Waɗansu masana sun ce gajiyayyu ne, waɗansu sun ce suna taimako. Har yanzu ana muhawara.

Duk da haka kariya ta kan taru. Cikin 1961 likitoci a Gambiya suka tace makaman daga jinin manya, suka yi wa yara masu zazzaɓi allurarsu, ƙwayoyin cutar suka ragu ƙwarai. Sai dai kariyar babba ta hana tsananin ciwo ce kurum, ba ta hana ƙwayar shiga jini. Ta kan kuma raunana in mutum ya daɗe a ƙasar da babu cutar.

Saboda haka kada mu ce a bar yaro ya saba da zazzaɓi, gama da yawa ba su kai ga sabon ba sai kabari. Cikin Disamba 2024 aka fara allurar rigakafin maleriya a jihohin Kebbi da Bayelsa. Sau huɗu a ke yin ta, domin jiki mai mantuwa sai da tuni. Muna roƙon malamai da akawuna su fahimtar da iyaye su cika huɗun, kuma kada a bar gidan sauro.