Injin Hasken Rana Mai Hangen Gobe

Masu noman rani a ƙasar Bagudo, daga fadamun bakin Kwara har zuwa Illo da Lolo kusa da iyakar Benin, sun sha wuyar man fetur. A watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sa'an nan a watan Mayu na 2023 Gwamnati ta janye tallafi, kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu. Don haka hankalin manoma ya koma kan injin ban ruwa mai aiki da hasken rana.

Amma rana ba ta da alkawari. Da hantsi wuta kaɗan ce, da tsakar rana ta yi ƙarfi, da la'asar ta ja baya. Hazo yana rage ta, gajimare kuwa kan yanke ta nan take. Ga shi shinkafa in ta fara fid da kai ba ta jimre ƙishirwa.

Tsakanin faifan sola da injin akwai wani akwati da ake kira inbata. Shi ke juya wutar faifan ta zama irin wadda inji ke sha. Akwai wani sabon iri mai lissafi: sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya yana auna abin da zai faru in ya ƙara ko ya rage, sa'an nan ya zaɓi abin da ya fi. A ƙauyen da ke da tashar sola ta tarayya kuwa, irin wannan na'ura takan duba hasashen yanayin gobe da yawan wutar da jama'a suka saba sha. In ta hango hazo sai ta cika batura tun yau, ta jinkirta aikin da ba na gaggawa ba.

Wanda ba shi da irin wannan akwati, to shi ne zai zama mai hangen. Ya ja ruwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 na yamma, ya tara a tanki ko a tafkin gona, gama ajiye ruwa ya fi ajiye wuta araha. Kada a ta da injin niƙa da na ban ruwa lokaci ɗaya. Batir mai ruwa kada a bari ya sauka ƙasa da rabi, in ba haka ba ba ya daɗewa. Faifan ya fuskanci kudu, a riƙa wanke shi da sassafe tun bai yi zafi ba, musamman lokacin hunturu.

Manomin da ya ga gabas ta yi fari da yamma, ya cika tankinsa gobe tun da wuri. Baƙar akuya tun da rana ake nemanta.