Wasiƙar da Ba Ta Iso Gagarawa Ba

Wata ranar Talata na raka ɗan ƙanwata daga ƙauyenmu na ƙasar Gagarawa zuwa wani shagon kwamfuta a Gumel, zai cike takardar neman tallafin karatu. Saura kwana biyu a rufe. Mai shagon ya shigar da suna da lambar ɗan ƙasa, ya ɗora hoto, ya latsa. Sai allon ya nuna an tura saƙo zuwa imel ɗin yaron, wai ya buɗe ya latsa adireshin da ke ciki kafin a ci gaba. Muka buɗe, wayam. Muka jira. Janareto na ta shan mai, mutum uku na kan benci suna jiran a gama da mu.

"Kawu, ko sabis ne?" in ji yaron.

Mai shagon ya girgiza kai. "Sabis lafiya lau, Malam. Ga komai yana buɗewa. Tun jiya nake fama da wannan shafin. Daga can wurinsu ne wasiƙar ba ta fitowa."

Gaskiya ya faɗa. Mu a karkara mun saba ɗora wa kanmu laifi, ko mu ce sabis ne, ko wayar ce ta tsufa. Amma sau da yawa cikas ɗin yana can gidan mai aikowa, a cikin wata 'yar manhaja da aka manta da ita shekara da shekaru.

Shafin intanet ba ya iya kai wasiƙa da kansa har akwatin mutum. Rubutawa kawai yake yi, sai ya miƙa wa wata kwamfuta ta ɗauka. Ƙa'idar da ake bi wajen wannan miƙawa, wadda ake kira SMTP, Jon Postel ne ya tsara ta a Amurka a 1982, lokacin da masu amfani da hanyar 'yan kaɗan ne, galibi malaman jami'a da masu bincike da suka yarda da juna. Saboda haka ba a tanadi hanyar tantance mai aikowa ba. Kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a bayan ambulan. Da duniya ta shigo, 'yan damfara da masu tallan dole suka ga ƙofa a buɗe, suka riƙa aika saƙo da sunan banki ko na ma'aikata. Dole ta sa Gmail da Yahoo da Outlook suka zuba masu gadi a bakin ƙofa.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san yadda wannan gadin yake. Baƙo ya zo da sa mai kyau, amma ba shi da dillali, ba shi da mai masaukin da zai tsaya masa. Ko san ya kai kyau, mai hankali ba zai zuba kuɗinsa ba, don bai san inda aka kwanto shi ba. Haka Gmail ke kallon wasiƙar da ta fito daga kwamfutar da bai sani ba: ko ya jefa ta akwatin tarkace, wanda masu waya ke ce wa sifam, ko ya mayar da ita tun daga ƙofa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, ƙananan shafuka haya suke kamawa, ɗaruruwa a kan kwamfuta guda, duk da lambar adireshi ɗaya suke fita. In ɗaya daga cikinsu ya yi ɓarna, an shafa wa sauran baƙin jini. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Nan ne kamfanonin isar da saƙo suka samu sana'a, irin su SendGrid da Mailgun da Postmark da Brevo da Amazon SES. Aikinsu ya yi kama da na direban da aka sani a tasha. Ba ka tare motar da ke wucewa ka damƙa mata saƙonka. Wurin ɗan kamasho kake zuwa, ya rubuta, ya ba ka lambar direba, in saƙo ya ɓata akwai wanda za ka tuhuma. Waɗannan kamfanoni suna kare mutuncin adireshinsu, suna korar masu ɓata musu suna, kuma suna dawo wa mai shafi da rahoto: wannan ta shiga, wannan an ƙi karɓa, wannan adireshin ma babu shi.

Amma ko direba sananne ne, sai an nuna shaida. Iri uku ce. SPF jerin sunaye ne da mai shafi ke wallafawa, yana cewa waɗannan kwamfutocin kaɗai na yarje wa su yi aike da sunana. DKIM hatimi ne na lissafi da ake buga wa kowace wasiƙa, wanda ke lalacewa da zarar an taɓa abin da ke ciki a hanya. DMARC kuwa umarni ne ga mai karɓa a kan abin da zai yi da wasiƙar da ta zo babu shaida. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara: duk mai aika saƙo sai ya zo da aƙalla SPF ko DKIM, wanda kuma ke aika wa masu Gmail saƙo 5,000 a rana sai ya cika duka ukun, kuma kada masu ƙorafi a kan saƙonsa su kai kashi 0.3 cikin 100. Microsoft ya bi sahu a Mayun 2025. Ka tuna da yawan matasan da ke rububin shafi guda a makon ƙarshe na ɗaukar aiki. 5,000 ba wani abu ba ne.

Tsakanin shafi da kamfanin isarwa akwai 'yar manhajar da ke haɗa su. A WordPress, wanda ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, liƙa ta ake yi daga baya, kamar WP Mail SMTP ko Post SMTP. Ita ce ke buƙatar sabuntawa a kai a kai, don ƙa'idoji ba sa tsayawa wuri ɗaya. A Mayun 2022 Google ya daina barin irin waɗannan manhajoji su shiga akwatin Gmail na ɗaiɗaikun mutane da kalmar sirrin mai akwatin kawai. A 2025 SendGrid ya janye tsarinsa na kyauta. Duk shafin da ya dogara da tsohuwar hanya, ba a kuma waiwaye shi ba, zai ci gaba da nuna wa mutane "an tura saƙo" alhali babu abin da ya bar gida. Wannan ne ya fi ci mini rai: na'urar tana ba wa yaro tabbaci, shi kuma ya yarda, ya zauna yana jira.

Akwai kuma batun tsaro. A Janairun 2024 aka bayyana wata kafa a manhajar Post SMTP, wadda shafuka fiye da 300,000 ke amfani da ita a lokacin. Ta wannan kafa ɓarawo na iya karanta kundin wasiƙun da shafin ya aika, har da na sauya kalmar sirri, ya ƙwace shafin gaba ɗaya. Masu manhajar sun toshe kafar a sabuwar fitowa, amma gyaran ba ya amfanar wanda bai ɗora shi ba. A irin waɗannan kundaye sunayen 'ya'yanmu suke, da lambobin wayarsu, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyin tsare su a wuyan wanda ya tattara.

Ba kuɗi ne matsalar ba. Amazon SES senti 10 yake karɓa a kan wasiƙa 1,000, Brevo kuma yana barin a aika 300 a rana kyauta. Gaskiya da dala ake biya, wannan kuwa yana da tasa wahalar, amma bai kai kuɗin shayin ranar ƙaddamar da shafi ba. Abin da na lura da shi a wurare da dama, kwangila ake bayarwa a gina shafi, a yanke zare, a tafa, mai kwangila ya tafi da makullai. Babu ma'aikacin da aka ce kai ne za ka riƙa dubawa duk wata. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar da ta wajabta wa ma'aikatu amfani da adireshin gwamnati mai ƙarewa da .gov.ng, kuma mataki ne mai kyau. Sai dai suna kaɗai ba ya kai wasiƙa. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, wadda Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejiya, ya fara shugabanta a 2019, ita ce ta fi cancanta ta matsa wa masu shafukan jama'a su riƙa gwada isar saƙonsu kafin su buɗe rajista. Kuma a yi koyi da hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, JAMB, wadda ke tura lambar fara rajista ta saƙon tes zuwa 55019. A Sule Tankarkar ko ƙauyukan Gagarawa, tes ya fi imel saurin samun mutum.

Shi ma mai nema yana da nasa. Ya buɗe imel na kansa, ya riƙe kalmar sirrinsa, kada ya bari a yi masa rajista da na mai shago. Ya karanta adireshin harafi harafi kafin a latsa, ya kuma leƙa akwatin tarkace kafin ya yanke ƙauna.

Mu dai ranar sai da muka yi sallar la'asar a Gumel, muka koma gida hannu rabbana. Washegari yaron ya koma shi kaɗai, da kuɗin motar da uwarsa ta ciro daga na riɗin da ta sayar. Ya tarar da wasiƙar a akwatin tarkace, ta shigo da tsakar dare, wa'adin adireshin da ke ciki har ya wuce. Mai shagon ya nemi a sake turowa, suka zauna suna kallon allo. Wannan karon ta shigo gab da azahar, ya kammala takardarsa, saura kwana ɗaya a rufe.