Kiwon Kajin Gida Domin Nama

Yau hirar tamu a kan kaza ce, wannan dai da ke yawo a tsakar gidanki tana tone-tone, wadda wasu ke kira kazar Hausa, wasu kuma kazar gida. Tun kaka da kakanni ita ce asusun mace. Yaro ya kwanta ciwo, a kama ɗaya a kai kasuwa. An yi baƙo na kunya, a yanka ɗaya. 'Yarki ta haihu, da ita za a yi wa mai jego farfesu. Sai dai yawancinmu ba kiwonta muke yi ba, zama kawai muke yi da ita a gida ɗaya, in ta rayu ta rayu, in ta mutu a ce kwana ne ya ƙare.

Bari mu fara da bambancinta da kazar gidan gona, wato burela. Burela a sati 6 zuwa 8 ta isa yanka, amma fa sai da abincin kanti, da ɗumi, da magani, kuma ba ta kwanci, kullum sai kin sayo sababbin 'yan tsaki. Kazar gida kuwa sai ta yi wata 5 zuwa 6 kafin ta kai kilo ɗaya ko ɗaya da rabi. Kin ga tana da jinkiri. To amma tana nemo wani kaso na abincinta da kanta, tana jure zafin rana, tana kwanci ta ƙyanƙyashe ta kuma yi reno, namanta ga ƙarfi ga ɗanɗano, shi ya sa a kasuwa ake sayenta da daraja, musamman gab da salla. Ga macen da ba ta fita, wadda jarinta bai taka kara ya karya ba, ni a ganina ita ce ta fi dacewa.

A cikin kajin gidan ma akwai iri-iri. Akwai ta Fulani, mai tsayin ƙafa da girman jiki, ita ce ta fi nama. Akwai mai wuya babu gashi, wadda wasu ke ƙyama suna zaton ciwo ne, alhali halittarta ce haka, kuma ta fi sauran jure zafi. Akwai mai murɗaɗɗen gashi kamar an kwana ana yamutsa ta, ita ma zafi ba ya damunta sosai, sanyi ne ba ta so. Sannan akwai waɗanda masana suka inganta, irin su Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, wadda ta ƙwai ce, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abekuta, da Noiler da ta cika kasuwanninmu yanzu. Waɗannan sun fi saurin girma, amma ki sani yawancinsu ba su cika kwanci ba. In kika bar zakaransu ya mamaye garkenki, sannu a hankali sai ki rasa uwa mai zama a kan ƙwai.

Da kaji nawa za ki fara? Kada ki ɗora wa kanki. Mata 5 da zakara ɗaya sun isa, kuma zakara ɗaya yana iya riƙe mata har 10. Ki nemi iri daga gidan da kika sani, wajen 'yar'uwa ko maƙwabciya da kajinta ke da lafiya, ya fi ki aika a sayo a kasuwa inda kaji daga gari goma suka cakuɗu a keji ɗaya. Kuma ki fara shawartar maigida, don kaza tana da ɓarna, tana shiga shanya, tana leƙa gidan maƙwabta. Gara a yi maganar tun farko.

Yanzu ga inda nake so ki kasa kunne sosai. Babu abin da ke share kajin gida kamar annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, wadda ta fi tashi da hunturu. Kin san ta. Kaza ta takure, fukafukai a ƙasa kamar ta yafa mayafi, tana zawo kore, tana numfashi da ƙyar, wata ma wuyanta ya murɗe. Cikin 'yan kwanaki akurki ya zama kango. Wannan ciwo ba shi da magani idan ya riga ya kama. Barkono a ruwa, da kafso ɗin mutane da muke fasawa mu zuba musu, duk ba sa kashe ƙwayar cutar. Abin da ke aiki shi ne rigakafi tun kaji suna lafiya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin rigakafinsa, har da wani iri mai suna I-2 wanda ya fi jure zafi, ɗigo ɗaya ake yi wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama. Ana maimaitawa duk wata 3 zuwa 4, kuma ki tabbata an yi ɗaya kafin sanyi ya shigo. Ki roƙi maigida ko babban ɗanki ya je asibitin dabbobi ko shagon maganin dabbobi ya tambaya. Kwalba ɗaya tana isar kaji da yawa, kuma da zarar an haɗa ta sai a yi amfani da ita nan take, ba a ajiye ta gobe. Saboda haka ku haɗa kai da matan layinku, ku yi karo-karo, yaro ɗaya mai hankali ya zaga gidaje a safiya ɗaya.

Ni kaina na taɓa ɗanɗana wannan. Wata shekara da hunturu aka kawo mini kyautar zakara daga ƙauye, ƙato mai jan kunne, na yi murna na sake shi cikin kajina a ranar. Kafin sati biyu, cikin kaji 17 uku ne suka rage. Tun daga nan, ko daga gidan wa kaza ta fito, sai ta yi sati 2 a keɓe ita kaɗai kafin ta haɗu da sauran. Kuma ki yi hattara da kaza mai araha da hunturu. Sau da yawa mai ita ya ga ciwo ya shiga masa ne yake neman rabuwa da su.

Idan kuwa kika wayi gari kaji suna mutuwa farat ɗaya, ƙoƙon kansu ya kumbura, tukkunsu ya yi shuɗi-shuɗi, to kada a yanka, kada a ci, kada yara su taɓa. Yana iya zama murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a 2006 a jihar Kaduna, kuma tana iya kama mutum. A binne mushen a rami mai zurfi, a sanar da ma'aikatan dabbobi.

Sai maganar 'yan tsaki, don a nan ne riba take zubewa. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 sannan ta nemi kwanci, sau uku ko huɗu a shekara. Ki bar mata 10 ko 12, gwargwadon abin da jikinta zai rufe, ki zaɓi waɗanda ba su wuce sati ɗaya da sakawa ba. Ki sa musu alama da gawayi don ki gane in wata ta zo ta ƙara sabo. Kwana 21 ne ƙyanƙyasa. To da ta fito da su, sai mu sake ta ta ja su bola da bayan ɗaki, shirwa ta ɗauki biyu, mage ta ɗauki ɗaya, gafiya ta bi dare, ɗaya ya faɗa kwatami. Cikin goma a tsira da uku. Maganin wannan mai sauƙi ne: ki killace uwa da 'ya'yanta sati 4 zuwa 6 na farko, a ƙarƙashin babban kwando ko ɗan keji na waya, a inuwa da rana, a wuri mai ɗumi da dare. Ruwansu a faranti marar zurfi, ki zuba 'yan tsakuwa a ciki don kada su nutse. Bayan haka ki raba su da uwar, za ki ga ta koma saka da wuri.

Abinci kuma, dusa kaɗai ba ta gina nama. Tana cika ciki ne kawai. Ga 'yan tsaki, in da hali ki sayi mudu biyu ko uku na abincinsu na kanti. In babu, ki ɓarza masara ko dawa gwangwani biyu, ki haɗa da waken soya gwangwani ɗaya, amma lallai ki soya waken a kasko kafin a niƙa, ɗanye yana hana su girma. Tunkuza ma tana yi, da garin ƙananan kifi busassu, da gara in yara za su samo miki. Ki riƙa rataya musu ganyen zogale ko alayyafo su yi ta tsattsaga. Ɓawon ƙwai kada ki zubar, ki gasa ki daka ki zuba wa masu saka. Manya kuwa, ki ba su hannu guda-guda na tsaba da safe, da yamma kuma ki ƙara, wannan na yamma shi ke koya musu dawowa akurki da wuri. Hatsin da ya yi fumfuna, wanda ke ba za ki ci ba, su ma kada ki ba su. Ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke, balle a watannin bazara.

Akurki ya kasance yana shan iska, ba ya yoyo, ƙofarsa tana rufuwa gam. Ki share shi akai-akai ki barbaɗa toka, ki kuma tara musu toka da yashi a wani lungu su yi birgima, yana rage ƙuma da ƙwarƙwata. Ki nisanta shi da madafa da randar ruwa, kuma in kina da mai rarrafe ki riƙa share kashin kaji daga tsakar gida, don yana jawo wa yara gudawa. Kashin nan ki tara a buhu, masu lambu suna saye.

Akwai kuskure ɗaya da kusan dukkanmu muke yi. In aka yi baƙo, wace muke cewa a kamo? Wadda ta fi girma. Shekara da shekaru muna cinye manya muna barin ƙananan su haihu, sannan mu ce kajin yanzu ba su da girma. Ki juya abin. Cikin kowace ƙyanƙyasa, zakaran da ya fi saurin girma da faɗin ƙirji shi ne na iri, ki ɗaura masa zare a ƙafa don kada a yi kuskure. Macen da ta iya kwanci da reno ita ma ki riƙe ta. Sauran zakarun su ne na tukunya da na kasuwa. Duk shekara ki yi musanyen zakara da wani gida mai nisa, don kada uba ya riƙa bin 'ya'yansa, iri ya lalace.

Waɗanda za ki yanka ko ki sayar, in sun kai wata 5, ki tsare su sati 2 zuwa 3 kina ba su abinci sosai ba yawo, za su cika. Ki yi lissafi baya-baya: in da salla kike so ki sayar, to ƙwan da za a kwanta a kai ya zama wata shida kafin nan. In an ba kaza magani, ki duba kwanakin da aka rubuta a jikin takardar ko ki tambayi mai maganin, kada a yanka sai sun cika. Daren yanka ki ɗauke abinci ki bar ruwa, gyaran cikin zai fi sauƙi. Wajen dafuwa kuma ki tuna ba burela ba ce, ki ba ta wuta a hankali ta daɗe, da citta da kanumfari da masoro, har sai naman ya saki.

Wajen sayarwa, ki sa a tambayo miki farashin kasuwa kafin dillaliya ta shigo, ki kuma sanar da matan unguwa cewa kina da kaji, mai suna da mai biki za su aiko har gida.

Lokaci ya yi mana halinsa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa maganar zabi, da yadda ake ba kaza ƙwan zabuwa ta ƙyanƙyashe.