Masaukin Baƙo a Ƙasar Wasu: Daga Zauren Maigida zuwa Ɗakin Otal

Mutanen Yawuri sun daɗe da sanin baƙo, domin ƙasarsu tana bisa ɗaya daga cikin hanyoyin da fataken Gwanja suke bi a zamanin da. Ayari yakan taso daga Kano da kanwa da turkuɗi da jar fata da gabu, madugu na gaba, a sauka bakin Kwara a biya kuɗin fito, a ƙetare zuwa Bargu. Daga nan sai Nikki, sai Jugu, sai Sansanin Mango da Yandi, har a riski Salga, kasuwar goro. Tafiya ce ta watanni, kuma babu falken da yake shiga Salga bai san ƙofar da zai yi sallama ba.

Wannan ƙofa ita ce ta maigida. Shi ne mai saukar da fatake, ya ba su ɗaki da rumfar ajiye kaya da wurin ɗaure jakuna, iyalinsa su dafa musu abinci. Galibi ba a yanka wa baƙo kuɗin kwana. Ribar maigida tana cikin la'ada da alherin da ake yi masa in ciniki ya faɗa. Saboda haka shi yake nemo mai saye, ya yi tafinta, ya tsaya wa baƙonsa in za a ba da bashi. In baƙo ya kwanta ciwo, shi ne mai jinya. In ya riga mu gidan gaskiya, shi yake tsare dukiya har magada su aiko. Jarin maigida duka sunansa ne: ranar da aka ce ya ci amanar falke guda, ayarin baɗi ba ya sauka gidansa.

Zamani ya juya. Yaƙin basasar Salga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta da malamanta zuwa Karaci da Kumasi da Akra, cikinsu har da Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, wanda ya rasu a Karaci a 1934. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can a ɗora shi a jirgi. A 1968 kuma aka gama madatsar Kainji, ruwa ya shanye tsohuwar Busa da gungu masu yawa. Yau ɗan kasuwar Yawuri mai nufin Gana mota yake hawa, kuma sau da yawa dare yakan yi masa a birnin da bai san kowa ba, sai otal.

To, otal yana da nasa alheri, amma ka'idarsa dabam ce. Akawu yana rubuta sunan baƙo, ya duba fasfo, ya karɓi kuɗi kafin ya miƙa mabuɗi. Kwana a wurinsu da agogo yake tafiya: galibi sha biyun rana yake ƙarewa, wanda ya zarce ana iya ƙirga masa ƙarin kuɗi. Mai otal ba ya tsaya wa kowa a ciniki, ba ya sanin wanda yake biyan bashi a kasuwa da wanda yake gudu da shi. Kuɗin da aka bari ƙarƙashin matashin kai, in sun ɓata, da wuya ya ɗauki nauyinsu. Abin da ya fi, a damƙa su a ofis, a ƙirga gaban shaida, a karɓi rasit. Malamai sun san wannan a babin wadi'a: ajiyar da aka ba da da shaida ta fi sauƙin nema. Haka nan matafiyi ya tambayi alƙibla da masallaci mafi kusa tun da rana, ya kuma tuna cewa a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu tana yanke kasaru.

Abin da ya fi kome nauyi shi ne takarda. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su fita, mutane masu yawa suka baro gidaje da rumfuna. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda ɗan ƙasashen ƙungiyar ya shiga ƙasar 'yar'uwa ba biza har kwana 90, amma sai da takardar tafiya ingantacciya da katin rigakafin shawara. A da mutum ne yake shaidar baƙo. Yanzu hukuma takarda take tambaya.

Duk da haka maigida bai ƙare ba. Yana nan a zangon Kumasi, da Nima da Sabon Zango a Akra, inda Hausa take ci har gobe. Mai hankali yakan haɗa biyun: ya kwana a otal in ta kama, takardunsa a jikinsa, in gari ya waye ya nufi zango ya gai da sarkin zango da liman, a haɗa shi da dillalin da aka sani, kafin ya kwance kaya ko ya fito da kuɗi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su ga iyalinsu da riba. Amin.