Yadda sake kunna kwamfuta ke ɓatar da bayanan ruwan sama da manomi ke dogaro da su

Manomin gero da dawa a Tarai, ta ƙaramar hukumar Kibiya, tambaya ɗaya yake yi a farkon kowace damina: shin wannan ruwan na shuka ne, ko kuwa zai ɗauke ya bar iri ya ƙone a ƙasa? Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara domin amsa irin wannan tambaya. Sai dai ingancin kowane hasashe ya rataya ne a kan abin da aka auna a ƙasa.

A wannan yanki ruwa kan sauka a Rano, Tarai ta kwana a bushe. Abin da aka auna a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ba lallai ya yi daidai da abin da ya zuba a kudancin jihar ba. Shi ya sa ake kafa ƙananan tashoshi masu auna yanayi da kansu a makarantu da gonakin gwaji. Akwai wata 'yar matsala da ke kassara irin waɗannan tashoshi ba tare da kowa ya ankara ba, ita ce sake kunna kwamfuta.

Yadda tashar ke aiki

A waje akwai na'urorin da ke auna zafi, laima, iska da ruwa. Ma'aunin ruwan wani ɗan cokali ne da ke kifewa duk lokacin da ya cika, kuma a yawancin na'urori kowace kifewa milimita 0.2 ce. Alƙaluman suna shiga wani akwati da ke adana su a cikin ofis, daga nan kebul ya kai su kwamfuta, manhaja ta kwashe ta tura ta intanet.

Me ke faruwa bayan an sake kunnawa?

Windows kan ba na'urar da aka jona lamba, kamar COM3, kuma ta wannan lamba manhaja ke nemanta. Idan wuta ta ɗauke, ko wani ya zare kebul ya sa caja sannan ya mayar da shi wani ramin daban, lambar tana iya komawa COM5. Manhaja za ta ci gaba da neman tashar a tsohuwar lamba, ta ce ba ta gan ta ba.

Wani lokacin manhajar ce ba a saita ta ta buɗe da kanta ba. Wani lokacin kuma sabuntawar da Windows ke yi ce ta taɓa direba, wato 'yar manhajar da ke fassara tsakanin kwamfuta da na'ura. Haka nan tsarin tsimin wuta kan kashe ramin USB. A tsofaffin kwamfutoci, idan ɗan batirin agogo ya mutu, kwanan wata yakan koma baya, sai bayanai su shiga da ranar da ba tasu ba.

Gyaran ba ya buƙatar ɗan kwangila. A fara duba ko akwatin yana nuna alƙaluma. Idan yana nunawa, tashar lafiyarta ƙalau. A rufe manhaja, a buɗe Device Manager, a ga lambar da na'urar ta samu, a shigar da ita cikin saitin manhajar. A tabbatar babu wata manhaja da ta riga ta kama wannan lamba, domin biyu ba sa amfani da ita lokaci guda. A gyara agogo kafin a kwashi bayanai. Daga ƙarshe a yi wa ramin alama, kada a sake canza shi.

Asarar da ba ta dawowa

Akwatin yana ci gaba da adana bayanai ko kwamfuta na kashe, amma cikinsa yana da iyaka. Na kamfanin Davis, alal misali, yana ɗaukar rubutu 2,560. Idan an saita shi ya riƙa rubutawa duk minti 5, zai cika cikin kusan kwana 9, sannan ya fara goge na farko. A watan Oktoban 2024, Kano da wasu jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki. Da an saita akwatin a kan minti 30, zai riƙe bayanan kwana 53.

Mako guda ba ƙaramin giɓi ba ne. Ma'aunin da masana ke yawan amfani da shi a yankin Sahel ya ce damina ta kama idan aka samu milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ruwa bai ɗauke fiye da kwana 7 ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Idan aka cike kwanakin da tasha ta yi shiru da sifili, takarda za ta nuna fari a inda aka sha ruwa. Da irin wannan takarda ake ba malamin gona shawarar da zai kai wa manomi.

Abin da ya kamata a tambaya

Sayen na'ura yana da bikin ƙaddamarwa da hotuna, kula da ita kuwa ba shi da su. Don haka duk lokacin da wata hukuma ko ƙungiya ta sanar da kafa tashar auna yanayi, a Rano ne ko Kibiya ko kusa da madatsar Tiga, matasan yankin suna da haƙƙin tambaya: wa aka ɗora wa alhakin duba ta kullum, kuma an horar da shi? Akwai sola da batir a cikin kasafin? Kwana nawa ta yi ba ta aika bayanai ba a daminar bara? A ina jama'a za su ga alƙaluman?