Ƙyalli ko Asali: Darajar Tsofaffin Sulalla a Zangon Accra

A gidaje da dama na Nima da Maamobi da Sabon Zango, idan aka buɗe akwatin kaka sai a tarar da kuɗin da suka daina ci: kwabo mai huda, anini, sule mai hoton bishiyar kwakwa, ko pesewa ta 1965 mai kan Nkrumah. Da can wasan yara ne. Yanzu waya ta nuna wa matasa cewa a Turai da Amurka akwai masu tara irin waɗannan sulalla suna biyan kuɗi, sai aka shiga tono su. Abin takaici, kafin a kai su kasuwa, yawanci sai an dirje su da toka da lemun tsami ko Brasso har sun yi fes. A nan asarar take farawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da ya tashi yana ganin ana goge tasa da awarwaro kafin biki, dole ya ɗauka ƙyalli ke sayar da kaya. Kasuwar tsofaffin kuɗi kuwa ba haka take ba. Tun 1949 William Sheldon ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda kamfanonin tantancewa na Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, suke aiki da shi. Abin da suke fara dubawa shi ne yawan cinyewar da hannu ya yi wa rubutu da zane, sannan ko fatar ƙarfen tana nan yadda ta baro ma'aikata. Sulen da aka goge, komai kyansa, ba a ba shi lamba. Rubutawa ake yi cewa an wanke shi, farashinsa ya zube.

To ina matsayin launin da tsufa ke sa wa ƙarfe? Azurfa idan ta daɗe tana shaƙar farar wutar da ke cikin iska ko takarda ko tsumma, wata 'yar siririyar fata ce ke hawa kanta, ta ba da ruwan zinariya, shuɗi ko shunayya, daga ƙarshe ta dafe baƙi ƙirin. Masu tarawa suna son matakan farko, har NGC tana ƙara alamar tauraro ga sulen da ya fi tsara ɗaukar ido. Sai dai Accra ba ta cika haifar da irin wannan kyau ba. Laima, gishirin teku da hayaƙin gawayi sun fi kawo tsatsa da kore-koren da ke cin tagulla. Matsalar tsohuwa ce: anini na farko, na 1907, da alminiyam aka buga shi, yanayin yankin ya cinye shi, a 1908 aka sauya masa ƙarfe. Launi shaida ce ta shekaru, tsatsa kuwa cuta ce, kuma dillalin da bai iya raba su ba zai cuci kansa ko ya cuci mai saye.

Son launin ma ya haifi nasa algus. Tunda yana ƙara kuɗi, wasu suna turara sule da zafi ko farar wuta don ya yi kamar ya shekara ɗari a ajiye. A garin da ake zargin wasu masu sayar da sassaƙa da tsufar da kaya da hayaƙi, dabarar ba za ta yi wuyar shigowa ba. Gwani yana gane ta, domin launin jabu a sama yake zaune, ba ya bin lungunan haruffa.

A ganina kyan gani bai kamata ya taɓa lamba ba. Lamba ta tsaya kan abin da mutum biyu za su auna su yarda: sahihi ne, nawa ya cinye, an taɓa fatarsa ko ba a taɓa ba. Kyau kuwa ido ne, kuma ido iri-iri ne, don haka a bar shi ga ciniki. Sulen azurfa na 1913, kafin a koma tagulla mai ruwan ƙwai a 1920, idan ya yi launi mai daɗi ya cancanci ƙari, amma launin ba zai mayar masa da ganyen kwakwar da ya shafe ba. Haka kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas: labarinsa da daɗi, amma an buga shi da yawa, ba shi da tsadar da ake yayatawa.

Duk mai irin waɗannan sulalla a gida, ya riƙe su ta gefe, ya raba su ɗaya-ɗaya a wuri busasshe, kada ya bari toka ko lemun tsami su taɓa su kafin wanda ya san kaya ya gani.