Tayar Keke: Gaskiya da Ƙarya a Saƙon da ke Yawo

Wani saƙon murya ne ke yawo a WhatsApp, ya zagaye danginmu na Kazaure, ya leƙa Roni da Gwiwa, na ji ma har Babura ya kai. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi sana'arsa ba, sai dai ya ce zai tona wa masu kekuna "sirrin taya". Ya buɗe da sallama, ya rufe da "a tura wa 'yan'uwa don Allah". A tsakani kuwa gaskiya da ƙanzon kurege ya dama wuri guda. Ba abin mamaki ba ne da saƙon ya samu kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, mutane da dama suka jingine babur suka kakkaɓe tsohon keke, wasu suka sayo na gwanjo masu giya, kuma kowa na neman dabarar da za ta sa taya ta kai shi baɗi.

Bari mu sallami ƙananan maganganun tukuna. Ya ce a riƙa shafa wa taya baƙin mai don kada ta tsattsage. Ƙarya ne: man inji lalata roba yake yi, in kuma ya taɓa rim ya kashe birki. Ya ce taya mai manyan haƙora ta fi gudu a ko'ina. A kan kwaltar Kano zuwa Daura ita ce mafi nauyin tuƙi, ranarta sai a burji da tsakuwa. Ya ce rana na kashe taya. Wannan gaskiya ne, a nema wa keke inuwa. Ya ce a yanke tsohuwar taya a shimfiɗa ta cikin sabuwa saboda ƙaya. Akwai ƙamshin gaskiya, domin tana rage hujin tsidau, sai dai keke zai ƙara nauyi, kuma bakin yankan yakan goge tiyub in ba a daidaita shi ba.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce ta ƙarshe. Ya ce a buga iska har taya ta yi tauri kamar dutse, wai iya taurinta iya gudunta da daɗewarta, wai lambobin da aka rubuta a gefenta na ƙasashen sanyi ne, ba namu ba. Wannan ce mai kayar da mutum, ita ce kuma aka fi yarda da ita.

Ban ga laifin wanda ya yarda ba. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke da tayar da iskarta ta yi ƙasa ya san wahalarta, ya kuma san sauƙin da yake ji da zarar an ƙara mata iska. Mai ɗauko buhun gero ko jarkokin ruwa a kariya ya san in iska ta yi ƙasa, ramin farko zai matse tiyub tsakanin rim da dutse. Je ka wurin mai faci ka ga yadda yake tsoma tiyub ɗin a cikin ruwa: in kumfa ta taso daga huji biyu dab da juna, ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne. To, daga nan ne hankali ke cewa tunda ƙari ya yi amfani, ƙarin ƙari zai fi. A nan lissafin ya karkace.

Taya mai iska an ƙirƙiro ta ne don ta lotsa. A 1888 John Boyd Dunlop ya haɗa wa keken ɗansa ita a Belfast, saboda tayar roba zalla tana jijjiga yaron a kan hanya mai duwatsu. Idan taya ta haɗu da tsakuwa, ita ya kamata ta lotsa ta haɗiye ta, keke ya wuce. Idan ta yi tauri fiye da kima, keke da mahayinsa ne ke tsalle, kuma kowane tsalle ƙarfin ƙafa ne ke tafiya a banza. Abin da ke ruɗar mutane shi ne karkarwar da hannu ke ji a kan keke tana kama da gudu, alhali ba gudu ba ne. Hatta 'yan tseren Tour de France na Faransa, waɗanda suka daɗe suna amfani da siraran tayoyi na milimita 23 da iska sama da PSI 100 a ma'aunin matsin iska, yanzu sun koma masu faɗin 28 zuwa 30 da iskar da ba ta kai haka ba. Su da ke kan kwalta mai sulɓi ke nan. Masu hawan duwatsu da keke kuwa, wasan da ya samo asali a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, da yawansu tsakanin PSI 20 da 30 suke tsayawa, ko da yake tayoyinsu masu faɗi ne marasa tiyub, don haka kada wani ya kwaikwaye su da tsohon kekensa Raleigh.

Gudu ma ƙaramin zance ne. Babban zancen shi ne riƙon ƙasa. Taya mai tauri ɗan wuri kaɗan take taɓawa a ƙasa. Wanda ya san hanyoyin da ke ratsa tuddan Kazaure da Roni ya san yadda tsakuwa ke kwanciya a kan burji, ya san kwanar da rairayi ke taruwa a gindin gangara. A irin wurin nan, ka taɓa birki kaɗan tayar gaba ta zame, kafin ka ce kwabo kana ƙasa. Yaro ɗan makaranta da ya goyo ƙanensa ba shi da dabarar da zai ceci kansa.

Sai batun fashewa. Iska tana ƙara matsi idan ta ɗauki zafi. Tayar da aka cika da safe zuwa PSI 65 a ma'aunin zafi 25, idan kwaltar bazara ta gasa ta zuwa 55, za ta kai wajen 73. Gaskiya ita ce wannan kaɗai ba ya fasa lafiyayyiyar taya, domin masu ƙera ta suna barin rara. Amma wa ke hawa lafiyayyiyar taya a kan sabon rim? Tayar da gefenta ya fara tsagewa, rim ɗin da ya taɓa lanƙwasa aka miƙe shi da guduma, sannan a buga musu iska har ta zarce iyaka, rarar ta ƙare tun kafin rana ta take. Tsofaffin kekuna irin Raleigh da Phoenix masu birkin ƙarfe ma abin ya fi shafa, saboda bakin rim ɗinsu ba shi da ƙugiyar da ke riƙe leɓen taya kamar na zamani. Ga kuma injin mai faci, wanda don tayar mota aka tanade shi: cikin tayar keke ɗan ƙarami ne, daƙiƙa kaɗan ta isa a wuce gona da iri. Ba zan ce kowace taya mai tauri sai ta fashe ba. Abin da na tabbatar shi ne mai bin shawarar nan ya matso da kansa kusa da haɗari, bai kuma ci ribar komai ba.

Zancen ƙasashen sanyi kuwa shaci-faɗi ne. Yawancin tayoyin keken da ke kasuwanninmu daga Sin da Indiya da Taiwan suke fitowa. Ludhiana, cibiyar ƙera kekuna a Indiya, takan wuce ma'aunin zafi 40 a lokacin bazararta. Lambar gefen taya ba ta da alaƙa da sanyin gari, ƙarfin zaren da ke cikin robar take faɗa. Da mai saƙon ya sunkuya ya duba tayarsa, da ya ga sunan ƙasar da aka yi ta dab da lambar da yake cewa a yi watsi da ita. Bai duba ba, amma ya iya cewa a tura don Allah.

Daɗewar ma ba ta samuwa. Tayar da aka cika fiye da kima tsakiyarta kaɗai ke cin ƙasa, sai ka ga ta suɗe a tsakiya gefuna na nan da zanensu.

Ga mai son saye, babu tayar da ta haɗa komai. Roba mai laushi ta fi kama ƙasa amma tana saurin cinyewa, mai tauri tana daɗewa amma tana santsi. Mai kauri ta fi jure ƙayar aduwa da tsidau, sai dai nauyi. Wanda rabin tafiyarsa kwalta ce rabi burji, ya nemi mai ƙananan haƙora a jere a tsakiya da manya a gefe. Ya kuma duba girman da ke rubuce, domin 28 x 1½ ta tsohon keke ba ta shiga rim ɗin mai lamba 26. In kuɗin taya ɗaya gare ka, sa sabuwar a gaba ka mai da ta gaban baya, muddin tana da sauran rai. Fashewar tayar baya ana iya tsira da ita, ta gaba kuwa sai wani ikon Allah.

Yawancin tayoyin kekuna masu giya za ka ga an rubuta musu 40 zuwa 65 PSI. Tsaya a tsakanin lambobin tayarka: kusa da ta sama in kaya za ka ɗauka ko kwalta za ka bi, kusa da ta ƙasa in burji da rairayi ne, kuma ta baya ta ɗan fi ta gaba. Ce wa mai faci ya sa geji, ba wani abin kunya a ciki. Wanda kuma ya riga ya tura saƙon nan ga 'yan'uwa, don Allah ya koma ya gaya musu maganar iskar ba gaskiya ba ce, musamman masu yaran da ke zuwa makaranta a keke.